Proxxon Thermocut 230/E: na'urar yankan soso da zazzafar waya, ga masu gina filin daga na almarar kimiyya

Mai sassaƙa duwatsu da rusassun ganuwoyi don wasan yaƙi na kan tebur yana da wata mafaka: in wuƙa ta kauce, sai a ce ai haka dutsen yake. Mai gina tashar sararin samaniya ko lungunan masana'anta irin na wasannin Necromunda da Kill Team ba shi da wannan gata. Gini ne da ake so ido ya yarda cewa inji ne ya ƙera shi, don haka ginshiƙi ashirin dole su fito tsayi ɗaya, bango ya zauna daram a kan tebur, kowace kusurwa ta cika digiri 90. Kuskuren milimita ɗaya a kowane yanki, in aka jera bango biyar, ya zama giɓin da ba ya ɓoyuwa, kuma 'yan wasa za su yi ta gardama a kan ko ɗan mutum-mutumin soja yana hango abokin gaba ta cikinsa. Wannan matsalar ce ta sa Thermocut 230/E ta kamfanin Proxxon na Jamus ta zama na'urar da masu wannan sana'a suka fi ambata. Amfaninta ɗaya ne tak, amma babba ne: tana maimaita yanka iri ɗaya sau ɗari ba tare da ya canza ba. Duk wani hukunci da za a yanke mata a kan wannan ya kamata a ɗora shi.

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa. Akwai faranti mai santsi mai fuskar alminiyum, tsawonsa milimita 390, faɗinsa 280, an buga masa layukan awo da na kusurwa. Akwai lanƙwasasshen hannu na alminiyum da ya taso daga gefe ya rankwafo a kan farantin, da kwarkwaron waya a jikinsa, sai kuma majingina, wato sandar da ake jingina soso a jikinta ana turawa. Wayar haɗin nikel da kuromiyom ce, kaurinta milimita 0.2, kwarkwaro ɗaya yana ɗauke da mita 30. Tana yanka soso mai kauri har milimita 140, kuma tazarar da ke tsakanin waya da gindin hannun milimita 350 ce. Zafinta daga digiri 100 zuwa 200 ne a ma'aunin Salshiyas, ana ƙara shi ko rage shi da maɓalli mai juyawa. Taransifoman da ke cikinta yana sauke wuta zuwa abin da bai wuce 10V ba, saboda haka wayar ba ta jan mutum, sai dai tana ƙuna. Tana ɗaukar zafi kusan nan take, tana kuma hucewa cikin 'yan daƙiƙoƙi. A lura da lambar sunan kafin a saya: 230/E ta wutar 230V ce, 115/E kuma ita ce wadda aka yi wa ƙasashe masu wutar 110 zuwa 120V irin Amurka. Jiki ɗaya ne, wutar ce ta bambanta.

Sai maganar soson kansa, don ba kowane ne na wannan aiki ba. Wanda ake nema shi ne XPS, soso mai tauri da ake sa wa a bango da daɓen gini don tare zafi da sanyi. Yana zuwa kala-kala gwargwadon kamfani: Styrodur kore ne, Foamular ruwan hoda, akwai kuma shuɗi. Kalar ba ta da wani tasiri, ƙarfin ne abin dubawa. Mai lamba 300 kPa, wato ma'aunin ƙarfin jure danni, ya wadatar, wanda ya fi shi tauri ya fi riƙe zane amma yana neman ƙarin zafi da haƙuri. Farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake tare kayan lantarki da shi a kwali, wato EPS, wayar tana yanka shi sumul, amma ƙwayoyin suna fitowa ta cikin fenti, gefensa kuma yana marmashewa. A bar shi a cikin tudu inda ba a gani. Abin da ba a kusantar da shi ga wayar ko kaɗan shi ne soson PU da PIR, waɗanda galibi ruwan ƙwai ne masu takardar alminiyum a fuska, da duk wani abu na PVC. Ba sa narkewa yadda ake so, kuma hayaƙinsu guba ne. Allon soso mai takarda a fuska biyu shi ma ba ya yankuwa, domin wayar ba ta cin takarda.

Ɗaura waya da daidaita ta

A nan ne sababbin masu na'urar suka fi ɗora mata laifin da ba nata ba. Ana warware waya daga kwarkwaro, a zura bakinta cikin ramin da ke farantin, a matse ta da sukurun da ke ƙasa. Sannan a ɗan danna hannun ƙasa da tafi, a naɗe ragowar wayar, a ɗaure kwarkwaron, a saki. Hannun zai koma sama ya ja wayar ta miƙe. Dalilin dannawar shi ne waya tana ƙara tsawo in ta yi zafi. Wadda aka ɗaura ba ja, tana iya zama a miƙe tana sanyi, da an kunna sai ta saki, yanka ya fito da tumbi. Wadda aka ja fiye da kima kuma tsinkewa take yi da an tura soso mai kauri. In aka taɓa ta da farce tana sanyi, ya kamata ta ba da siririn sauti mai tsabta. In ta yi shiru ko ta yi kaɗawa, ba ta ja ba.

Bayan ja, sai tsayuwa. Kada a yarda da ido, kada kuma a yarda da alamar da ke jikin hannun. A ɗora sukwayar ƙarfe, abin auna kusurwar digiri 90, a kan farantin, a matso da ita jikin waya na'ura tana kashe, a duba ta gaba, a duba ta gefe. Karkata ta ɓangaren da hannun ya miƙa tana gyaruwa cikin sauƙi, matsar da mariƙin kwarkwaron kawai za a yi gaba ko baya. Karkata ta ɗaya ɓangaren ta fi wuyar sha'ani, domin babu wani maɓalli da aka tanada mata. Sai an sassauta hannun daga gindi an sake zaunar da shi, wani lokaci har da ɗan siririn ƙarfe a matsayin waigi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a yanka guntun soso mai kauri milimita 50 gida biyu, a kifa rabi ɗaya, a haɗa fuskokin a kan tebur. In waya a tsaye take, za su haɗu ba haske a tsakani. In ta karkace, giɓin zai nuna kuskuren ninki biyu. Minti goma da aka kashe a nan ya fi awa biyu na goge bango da samfefa.

Zafi da gudun hannu

Wayar ba yanka take yi kamar wuƙa ba, narkar da hanya take yi. Robar da aka yi soson da ita tana fara laushi a wajen digiri 100, don haka aikin mai yanka shi ne ya tura soson daidai gudun da wayar ke buɗe wa kanta hanya. Kowace irin ɓarna tana da alamarta, kuma wanda ya iya karanta su ya gama da na'urar. In zafi ya yi yawa ko hannu ya yi nawa, fuskar yankan tana yin ƙyalli da tauri, gefuna su lotsa, hanyar da wayar ta ci ta yi faɗi. In zafi ya yi kaɗan ko hannu ya yi sauri, wayar tana lanƙwasa ta bi bayan soson, tsakiyarta ya makara, sai a ga sama da ƙasa daidai amma ciki ya karkace, ga zare-zaren roba masu kama da gashi suna bin yankan. In aka tsaya a tsakiyar hanya ko da daƙiƙa ɗaya, wayar za ta ƙona kwari daga sama har ƙasa, kuma wannan layin ba ya gogewa sai da ciko. Shi ya sa kafin a fara ake duba cewa babu abin da zai tare soson a bayan farantin, kuma hannu biyu sun sami wurin da za su bi har ƙarshe ba tare da an sake kamu ba.

Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce a fara da zafi ƙasa-ƙasa, a ƙara kaɗan-kaɗan har soson ya riƙa tafiya da turin yatsa mara nauyi. Yanki mai kauri milimita 20 ba ya son abin da mai 100 yake so, domin doguwar waya a cikin soso tana asarar zafi da yawa. Sirara irin na milimita 2 zuwa 3, waɗanda ake manna wa bango a matsayin farantan ƙarfe, suna son zafi kaɗan da tafiya ba tsayawa, in ba haka ba sai su nannaɗe. Na'urar tana iya fitar da yanki mai milimita ɗaya in waya ta ja sosai, kuma wannan abu ne da wuƙa ba za ta taɓa yi ba a faɗin tafin hannu.

A riƙa tunawa cewa duk da kaurin wayar 0.2 ne, hanyar da take ci takan kai rabin milimita ko fiye, gwargwadon zafi. Ma'ana, layukan da aka buga a farantin na kimantawa ne kawai. A auna da rular ƙarfe daga jikin majingina zuwa waya, a yanka guntun gwaji, a auna guntun, a gyara, sannan a shiga aikin gaske.

Majinginar, inda gizo ke saƙar

Wannan ce raunin na'urar, kuma rauni ne a daidai wurin da mai ginin almarar kimiyya ya fi buƙata. Majinginar da ta zo da ita gajera ce, kuma ta gefe ɗaya kawai take kama farantin. In aka jingina soso aka ɗan matsa, ɗaya bakin yana ba da kai. Ba da yawa ba, amma ya isa ya sa dogon yanki ya fara da faɗin milimita 50 ya ƙare da 51. Gajartarta kuma tana nufin in aka tsayar da allo mai tsayin milimita 100 a kan gefensa don a tsaga shi gida biyu, sama ba ta da abin jingina, sai ya riƙa rangaji, yankan ya fito da kauri a ƙasa, siriri a sama. Ga na'urar da ake saye don daidaito, wannan abin takaici ne, kuma bai kamata a rufa mata asiri a kai ba.

Sa'ar da aka yi, gyaran ba shi da wuya. Mafi sauƙi shi ne a samo katako ko allon MDF (na matsattsen garin katako) miƙaƙƙe mai kauri milimita 12 zuwa 18, tsayinsa kamar milimita 100, a haɗa shi da wani a siffar harafin L mai cikakkiyar kusurwa, a matse shi a bakin farantin gaba da baya da ƙananan abin matsewa na kafinta. Proxxon da kansa yana sayar da wata doguwar majingina daban mai suna TA 300. Akwai kuma Shifting Lands na ƙasar Holan, da suka yi suna wajen ƙera majingina da mariƙai na MDF musamman don wannan na'urar, na yankan kusurwa da da'ira da sauransu. Ko wanne aka zaɓa, a lissafa shi cikin abin da za a kashe tun farko. Na'urar da majinginarta ta asali tana aiki, amma sai da doguwar majingina take zama abin da ake yabo.

Rashi na biyu shi ne babu makunnin ƙafa. Akwai yankan da ke buƙatar hannu biyu a kan soso tun kafin waya ta yi zafi, musamman yankan ciki da na da'ira. Masu amfani da ita da yawa suna saka makunnin ƙafa tsakanin filogi da soket, kuma yana canza aikin ƙwarai. Na uku, farantin ƙarami ne. Allon XPS yakan zo da girman milimita 1250 da 600, ba ya hawa kai. Dole a fara datsa shi da wuƙa ko zarto zuwa gunduwa-gunduwa da ba su wuce milimita 300 ba, a bar rarar milimita 5 a kowane gefe, sannan wayar ta gyara bakin.

Gwajin da ya fi nuna ƙimarta shi ne saitin lunguna da ake warwarewa a sake jerawa. A ɗauki filin Kill Team mai inci 30 da 22. Ginshiƙi 16 masu milimita 50 da 50 da tsayin 60, da bango 20 masu tsawon 100, tsayin 60, kaurin 25, sun isa su cika shi da lunguna da ɗakuna. Duka wannan bai cinye kashi ɗaya cikin shida na allo guda mai kauri 50 ba. Amma akwai tarko a nan. XPS yana fitowa daga masana'anta da wata fata mai sulɓi a fuska biyu, wadda gam da fenti ba sa kamawa sosai, don haka ana feƙe milimita ɗaya ko biyu a kowace fuska. Allon 50 ya koma tsakanin 46 da 48 ke nan. Ko dai a sayi mai 60 a feƙe shi zuwa 50, ko a mai da duk awon ginshiƙan 47. Kuma a feƙe fuska biyun, ba ɗaya ba: siririn allon da aka cire wa fata gefe guda yakan lanƙwashe zuwa ɗaya gefen.

Tsarin yankan ya fi komai muhimmanci. A fara samar da baki ɗaya miƙaƙƙe a kowace gunduwa, shi ne zai bi majingina. A saita 60, a yanka duk abin da ke da awon 60, na ginshiƙi da na bango, kafin a taɓa majinginar. Sannan a koma 50 a gama da duk na 50, sannan 100, sannan 25. Wanda ya gama ginshiƙi ɗaya daga farko har ƙarshe sannan ya koma na biyu zai saita majingina sau da dama, kuma babu saiti biyu da za su zo daidai. A ƙara guda uku ko huɗu a kan adadin da ake so, na gwajin fenti da na maye gurbi. In an bi wannan tsarin, aka jera ginshiƙan 16 aka ɗora rula a kansu, za ta taɓa kowanne. Wannan ne abin da ake biyan kuɗi a kai.

Abin da ke sa gini ya yi kama da na wata duniyar shi ne karyayyun kusurwoyi: gefen da aka feƙe a digiri 45, ƙofa mai kusurwa takwas, tokarin da ya fi faɗi a ƙasa. Na'urar tana ba da damar karkatar da waya ta hanyar matsar da kwarkwaron a jikin hannun, kuma tana yi, amma duk karkatarwa sai an saki waya an sake ja, in an gama kuma a koma neman tsayuwa da sukwaya. Ya fi sauƙi a bar wayar a tsaye, a yi wa soson shimfiɗa mai gangaren digiri 45 da MDF ko da soson kansa, a riƙa kwantar da yankin a kai. Ga mai son ginshiƙi mai kusurwa takwas daga murabba'in milimita 50, a auna 14.6 daga kowace kusurwa ta ɓangare biyu a datse. Fuskoki takwas za su fito kusan 20.7 kowacce.

Ƙofa da taga da baka kuma da samfurin kwali ake yin su. A yanka siffar a kwali mai ɗan tauri, a kafa shi a fuskar soson da allurai, a rage zafi, a bar wayar ta bi bakin kwalin. Ga soso mai kauri, a sa samfuri sama da ƙasa, a kuma ɗan jinkirta a kowace kwana don tsakiyar wayar ya cimma bakunanta, in ba haka ba kusurwar za ta fito a dunƙule daga ciki. Ramin da ba shi da mafita zuwa gefe, kamar taga, sai an huda soson da tsinke, a kwance wayar, a zura ta, a sake ɗaurawa. Yana cin lokaci. Ga bango 20 ya fi kyau a shiga ta ƙasa a yanka, daga baya a manna dokin ƙofa ya rufe hanyar. A awon sojoji masu milimita 28 zuwa 32, ƙofa mai tsayin 45 da faɗin 35 tana karɓar sojan da faifan da yake tsaye a kai ke da faɗin 32. Gada ko baranda kada ta gaza faɗin 45, don masu faifan 40 su tsaya ba su faɗo ba. Matakala mai kyan gani da ƙananan matakai ba ta riƙe soja. A yi matakai manya masu zurfin 35, ko a bar tsaga a ƙarƙashin kowane mataki inda bakin faifan zai shige.

Da'ira tana yiwuwa da dabarar da kamfanin da kansa ya nuna: a manna ƙusar allo mai faffaɗan kai a farantin da salatif, tsininta sama, a kafa soson a kai a juya. Tana fitar da tankuna da hasumiyoyi, in an karkatar da waya har da masu tsini. Sai dai inda wayar ta shiga ta fita yana barin layi, sai a ɓoye shi da tsani ko bututu. A gaskiya gwangwani da guntun bututun ruwa sun fi soso yin tanki, sun kuma fi ƙarko.

Fuskar da wayar ta bari tana da tsabta, ba ƙura, ba marmashi, kuma tana karɓar zane da kyau. A tsaga layukan farantan ƙarfe a fuskar soson da sabuwar reza zurfin milimita 2, a bi su da biro ko fensir mara tsini don su buɗe. Bakin bututun biro yana buga kan ƙusa. Dunƙulen takardar alminiyum in aka mirgina shi a fuskar yana ba da kamannin kankare. Sauran ado, wato igiyar ɗaure waya mai haƙora, ragar roba, kwali mai ƙunya-ƙunya, marafan kwalba, kayan cikin tsohuwar rediyo, duk da hannu ake manna su, na'urar ba ta da hannu a ciki.

Wajen gam da fenti ne aikin da aka yanka da kyau yake lalacewa. Sufa-gulu yana cin soso. Farin gam na kafinta yana kamawa, amma tsakanin manyan fuskoki biyu iska ba ta shiga, sai ya yi kwanaki bai bushe ba. A shafa shi siriri a kafa tsinken sakace ya riƙe. Gam ɗin bindiga yana da sauri, sai dai a nemi mai ƙaramin zafi, mai babban zafi yana huda rami. UHU Por an yi shi ne don irin wannan soson, yana kuma kamawa da wuri. Wani abin lura: wayar ba ta ratsa busasshen gam. In za a manna allo biyu sannan a yanka, a kauce wa layin da wayar za ta bi, in ba haka ba za ta tsaya cak a nan ta ƙona kwari ko ta tsinke. Fentin feshi na gwangwani kuwa sinadarin da ke cikinsa yana narkar da XPS cikin daƙiƙoƙi. A fara rufe ko'ina da haɗin farin gam ko Mod Podge (wani gam na rufe fuska) da baƙin fentin akirilik da ɗan ruwa, shafi biyu, a bar na farko ya bushe sarai. Baƙin yana nuna inda buroshi bai kai ba, kuma ta wannan ɗan farin ɗigon ne feshi ke shiga ya ci ciki. Ko bayan rufewa, a fesa daga nesa kamar santimita 30, kaɗan-kaɗan. Soso ba shi da nauyi, hannun riga ma yana ture bango, don haka a binne noti ko washa biyu a gindin kowane yanki kafin a rufe.

Hayaƙin ba abin wasa ba ne. Narkakken soso yana fitar da tururin sitairin mai sa ciwon kai da ƙaiƙayin ido da maƙogwaro. A yi aiki kusa da buɗaɗɗiyar taga, fanka tana jan iskar waje, amma kada ta busa kan wayar kai tsaye don tana sanyaya ta yankan ya canza. In ana ganin hayaƙi yana tashi sosai, zafi ya yi yawa. Takunkumin ƙura ba ya tare tururi. Datti da ya manne a waya a goge shi da guntun soso ko tsumman auduga, shi ne ke ƙonewa yana ƙara wari. Wayar kan tsinke lokaci-lokaci, galibi kusa da inda aka matse ta, kuma ba asara ba ce: kowace ɗaurawa ba ta cin fiye da santimita 20 zuwa 25, kwarkwaro ɗaya ya wuce ɗauri ɗari.

Ba kowa ne ke buƙatarta ba. Wanda zai yi kango biyu da shinge uku, wuƙar Olfa mai sabon baki da rular ƙarfe sun ishe shi, muddin soson bai wuce milimita 20 ba kuma yana sauya baki da zarar ya fara yaga. Daga 20 zuwa sama reza tana karkata a cikin soson komai ƙwarewar hannu. Wanda filinsa duwatsu ne da ramukan wata duniya, Thermocut 12/E ta hannu, mai kaurin wayar da ake lanƙwasawa yadda ake so, ta fi dacewa da shi, sai dai tana neman taransifoman 12V daban. Mai iya aikin lantarki yana iya haɗa tasa da wayar nikel da kuromiyom da na'urar sauke wuta, da sharaɗin kada ya kuskura ya haɗa waya da wutar gida kai tsaye. Abin da zai sha wuya a kai shi ne farantin da bai lanƙwashe ba da hannun da ke riƙe ja.

Amma ga wanda zai cika teburin wasan Warhammer 40,000 mai inci 44 da 60, ko filin wasan Infinity da ke cin gine-gine masu hawa-hawa, ko duk wani saitin da yankunansa dole su haɗu da juna ta kowace fuska, 230/E ta cancanci saye duk da ba ta da arha. A haɗa da doguwar majingina tun ranar farko, da sukwayar ƙarfe, da kwarkwaron waya na ajiya, makunnin ƙafa kuma ya biyo baya in an fara yankan ciki da da'ira.